Yadda Ake Karanta Akwatin Na'urar Gano Yoyon Gas

Darasinmu na yau ya shafi duk matashin da ya bar Jangeru ya samu aiki a wurin ɗura gas ɗin girki a Shinkafi, Kaura Namoda ko Gusau, sai ya tarar da wani akwati maƙale a bango yana ƙyalƙyala fitilu, kuma ba wanda ya yi masa bayaninsa.

Abin ba wasa ba ne. Ranar 4 ga Janairun 2020 gas ya fashe a wani shago a Sabon Tasha da ke Kaduna, kuma cikin waɗanda suka rasu har da shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, Farfesa Simon Mallam, wanda aski ya kai shi shagon da ke kusa.

Akwatin kansa ba ya jin warin komai. Masu shaƙar iskar su ne ƙananan sensa da ake kafawa kusa da tanki da wurin ɗurawa, su aiko masa da labari ta kebul. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, ya bi kwata da rami. Shi ya sa ake kafa sensarsa ƙasa-ƙasa. In ka ga an liƙa ta can kusa da rufi, an yi aikin baban giwa.

Lambar da ke kan allon ita ta fi rikita mutane. Za ka ga 0, ko 15, ko 30, da rubutun %LEL a gefe. Gas ba ya kamawa da wuta sai ya kai wani mizani a cikin iska, wajen kashi 2 cikin 100 ga gas ɗin girki. Wannan mizanin shi ne LEL, kuma allon yana ƙirga shi a matsayin 100. Ke nan idan ka ga 20, an ci kashi ɗaya cikin biyar na hanyar zuwa fashewa. Amma ka tuna, abin da ya isa bakin sensa kaɗai take aunawa. A daidai wurin yoyon, ƙila gas ɗin ya riga ya wuce mizanin.

Koriyar fitila mai rubutun Power tana nufin akwatin yana samun wuta, ba ta ce babu yoyo ba. Ja kuma yawanci mataki biyu ne. Alarm 1, wanda da yawa ake saitawa a 20, gargaɗi ne: tsayar da ɗurawa, rufe bawul, duba lambar sensar da ta yi kuka. Alarm 2, da yawa a 40, jiniya ce ta a fita. A wasu wuraren akwatin ne zai rufe bawul da kansa. A lokacin kar ka kunna ko kashe makunnin lantarki, kar kowa ya tayar da babur ko janareto, kiran waya ma sai ka yi nisa.

Ni dai fitilar da ta fi ba ni tsoro ita ce ruwan ɗorawa, mai rubutun Fault, don ita ce ake rainawa. Yawancin sensa suna aiko da siginar lantarki tsakanin miliamfa 4 zuwa 20. Huɗu na nufin babu gas, 20 kuma ma'auni ya cika. An fara daga 4 ne da gangan, don idan ɓera ya cinye kebul ko sensa ta mutu, siginar za ta faɗi ƙasa da haka, akwatin ya gane ya makance. To, muddin Fault na ci, wannan ɓangaren ba shi da mai gadi, ko da wurin ya yi tsit. A kira mai gyara a ranar.

Sai maɓallai biyu da ake cakuɗawa. Mute, wasu su rubuta Accept, bakin jiniya kawai yake rufewa, gas na nan yana zuba. Reset shi ke share ƙararrawar, kuma akwatin kirki ba zai yarda ba sai lambar ta sauka. Jan fitila da ta ƙi mutuwa bayan gas ya watse ba lalacewa ba ce, an yi ta haka ne don wanda ya zo da safe ya san wani abu ya faru da dare.

Ƙurar hunturu tana toshe bakin sensa, feshin da ke da silikon kuma yana kashe wasu irinsu ba tare da Fault ta kama ba. Maganinsa gwaji da gas na musamman da ƙwararre ke zuwa da shi, galibi duk wata shida. Don Allah kar a gwada da laita.

Akwai ƙananan na gida masu turo saƙo a waya ta Wi-Fi da manhajoji irin su Smart Life. Suna da amfani, amma mutanen Zamfara ba su manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar. Kafin ka saya, tabbatar tana da jiniyar kanta da batir. A wurin aiki kuma, tambayi maigidanka awa nawa batirin akwatin yake riƙewa idan aka ɗauke wuta, da ranar da aka yi wa sensa gwajin ƙarshe.