Kada Ka Miƙa Tsohuwar Waya Ranar Da Ka Karɓi Sabuwa

Duk wanda muke aji ɗaya da shi ya san tsohuwar wayata, wadda ƙawayena suka raɗa wa suna Kaka. Shekara huɗu muka yi tare. Gilashinta ya tsage tun ina ajin farko, sai na ɗaure bakin caja da roba kafin ta karɓi wuta, idan kuwa na taɓa kyamara sai na zauna jira kamar mai jiran motar Kwangila ta cika. Yau wata uku ke nan da na rabu da ita na koma babbar waya, irin wadda kamfani ke fitarwa sau ɗaya a shekara a matsayin ta gaban goshi. Ba zan faɗi sunanta ba, kada a ce talla aka ba ni. Abin da nake son mu duba shi ne yadda ake yin canjin, domin kuɗin da na biya a shago ba su ne asarar da ta fi yi mini ciwo ba.

Bari in fara wanke kaina, don na san akwai masu cewa ina ɗaliba ta samu wannan kuɗi. Ina sayar da mayafai da turaren wuta daga gidanmu a Samaru, kuma shagona shi ne sitatus ɗin WhatsApp. Kaka kuwa ba ta san launi ba. Mayafi ruwan toka sai ya fito ruwan ƙasa, a aika a karɓa, gobe a dawo mini da shi ana cewa ba shi aka gani ba. Na yi zubin adashi kwasa biyu, Yayana ya yi mini ciko, kuma da shawararsa ban sayi ta bana ba, ta bara na saya, sabuwa a kwalinta. Da zarar sabon samfuri ya fito farashin na baya yakan sauko, alhali a hannu da ƙyar za ka gane bambanci. Duk da haka kuɗin sun ninka kuɗin makarantata na shekara sau da yawa. Waɗannan wayoyi da dala ake shigo da su, kuma kun san tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda waya ba ta dawo masa da kuɗi, gaskiya ban ga dalilin da zai sa ya ɗora wa kansa wannan nauyi ba. Matsakaitan wayoyin da ke hannun yawancinmu suna buɗe handawut, suna shiga shafin rajista, suna tura kuɗi, ba abin da ya rage.

Ranar Asabar muka hau mota zuwa PZ a Sabon Gari. A nan na ga amfanin tafiya da wanda ya san kan abu. Kafin a yi maganar kuɗi Yaya ya sa aka buɗe kwalin a gabanmu, ya danna *#06#. Wannan lambar tana fito da IMEI, wato lambar shaidar waya mai alƙaluma 15, kuma dole ta yi daidai da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, to an sa wata waya ce a kwalin wata, a tashi kawai. Ya kuma nace sai an rubuta wannan lambar a rasit tare da sunan shago da kwanan wata. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ba ka yarda da mu ba ne?" Yaya ya ce, "Na yarda da kai, Alhaji. Wanda zai tare ta a hanya ne bai san ka ba." Maganar ba ta wasa ba ce. Da IMEI ake bin sawun wayar sata, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa, ko da kuɗinsa ya saya. Rasit ɗin nan shi ne lauyanka.

Sai ya sa layina a ciki ya kira kansa, don akwai wayoyin da ake kawowa daga waje a kulle da layin wani kamfani na can. Masu sha'awar iPhone kuma su lura: daga iPhone 14 na 2022, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin sa sim kwata-kwata, sai eSIM. A wayoyin Samsung akwai *#0*#, wadda ke buɗe shafin gwajin gilashi da lasifika da kyamara. Minti biyar ne, amma yana raba ka da da-na-sani.

Duk wannan mun yi shi daidai. Inda na zame shi ne wajen musaya. Mai shagon ya ce zai karɓi Kaka ya rage mini wani abu, kuɗin da bai kai na mayafi biyar ba. Yaya ya fita amsa kira. Na tambayi yaron shagon kayan da ke ciki fa, ya ce, "Hajiya, ai komai yana Gmail ɗinki, kina sawa zai dawo." Ni kuma ɗoki ya rufe mini ido. Na cire sim, na cire katin memori, a gabana aka goge wayar tas. Sakin reshe kama ganye ke nan.

Da daddare na gane abin da na yi. Lambobin mutane sun dawo, wasu hotuna sun dawo. WhatsApp kuwa ya dawo mini da hirarrakin da suka tsaya tun wata biyar baya. Ga dalili, kuma shi ne zuciyar wannan darasi. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a cikinsu suke ci. A da ajiyar WhatsApp ba ta shiga wannan lissafi, amma daga farkon 2024 ta shiga. Nawa ya cika da bidiyon biki da na guruf ɗin aji, ajiyar ta tsaya. An yi ta nuna mini gargaɗi ina turewa da yatsa ban karanta ba, don haka laifin nawa ne. Abin da ya tafi a wata biyar ɗin nan har da saƙonnin murya na malamin da ke duba furojet ɗina, inda ya yi mini gyaran babi na biyu da na uku, da kuma lissafin masu riƙe mini da bashi, wanda a cikin hira kawai yake. Har yau akwai waɗanda suka yi shiru, ni ma na yi shiru, don ba ni da shaida.

Wanda ya sa ni kuka shi ne na biyu. Furojet ɗina a kan yadda ƙananan 'yan kasuwa suka rungumi POS da tura kuɗi ta waya ne tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Na yi hira da mutum goma sha huɗu a kasuwar Sabon Gari, na naɗi muryoyinsu. Manhajar naɗar murya a cikin wayar kanta take ajiyewa, ba a katin memori ba, ba kuma a intanet ba, sai in kai ka tura da hannunka. Shida kawai na riga na kwafe a takarda. Da safe na koma PZ da gudu, mai shagon ya ce ko da wayar tana nan, abin da aka goge ya gogu.

Don haka ku ɗauki canjin waya kamar tashi daga gida. Ba a mayar wa mai gida makulli sai an leƙa kowane ɗaki. Tun kafin ka je kasuwa, shiga saitin WhatsApp, wajen ajiyar hira, ka duba kwanan watan ajiya ta ƙarshe da idonka. In ba ta yau ba ce, share tarkace ka sake yi. Ka tabbata ka san kalmar sirrin Gmail ɗinka, don da yawanmu a shago aka buɗe mana tun shekarun baya, ba mu taɓa riƙe ta ba. Idan sabuwar ta zo, haɗa su biyun da igiyar caja. Android yana tambayar ko za ka kwafe kaya tun wajen kunnawar farko, Samsung na da Smart Switch, mai komawa iPhone kuma akwai Move to iOS. Bayan haka bi da kanka: naɗaɗɗun muryoyi, abubuwan da ka sauke, manhajar rubutu, hotunan rasit na kuɗin makaranta. Duk abin da ya shafi furojet a tura shi imel, a kuma sa a filashi.

Banki ma sai an yi haƙuri. Yawancin manhajojin banki suna ɗaure ne da waya ɗaya, sabuwa sai an tabbatar da ita da lambar da ake turowa layinka, wani lokaci har da katin ATM. Kada ka yi wannan a cikin shago mutane na tsaye a kanka. Sai komai ya zauna, ka yi mako guda kana amfani da sabuwar, sannan ka fitar da asusun Google daga tsohuwar ka goge ta. In ka goge ba ka fitar ba, tana iya kullewa a hannun wanda ya saya ta nemi asusunka, ya dawo yana nemanka.

To, yaya zaman yake da sabuwar? Kyamarar dai ta biya. Launi yana fita yadda yake ko a hasken ɗaki, kuma tun da na canza ba a dawo mini da mayafi ba. Daga kujerar baya ina ɗaukar allo in karanta rubutun malam sarai. Ba ta daskarewa. Amma daɗin saurin nan mako biyu ne, daga nan ido ya saba, ta zama waya kawai. Abin da ya fi sauri daraja ba a ganinsa: manyan wayoyi sun fi daɗewa suna samun sabuntawar tsaro. Google daga Pixel 8 a 2023, da Samsung daga Galaxy S24 a 2024, sun yi alƙawarin shekara bakwai. Ga mai ajiye kuɗi a waya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma kuɗaɗen da ke biyo baya. Ba kan caja a kwalin. Apple ya daina sawa tun 2020, Samsung ya bi a manyan wayoyinsa a 2021. Sai ka saya daban, kuma ba a haɗa irin wannan waya da cajar bakin titi. Ba ramin iyafis, ba wajen katin memori, don haka katina yana cikin jaka yana hutu. Batir ma kada girman suna ya ruɗe ka: tawa mAh 4,000 ce, alhali wayoyin da ba su kai rabin kuɗinta ba suna zuwa da 5,000. A garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, fawa banki ya zama dole, ga shi ba na iya barin ta a wajen masu caji kamar yadda nake barin Kaka. Data kuma tana tafiya kamar ruwa a kwando, don hotunan sun fi nauyi kuma wayar na son tura komai ajiya, ga ƙarin kashi 50 cikin ɗari da NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Sai da na hana ta ajiya da sabunta manhajoji in ba a kan Wi-Fi ba, na kuma sauke bidiyo daga 4K.

Sai tsoro. A da ina amsa kira a cikin Keke ba fargaba, don ko ɓarawo ya ga Kaka tausayina zai ji. Yanzu tun daga Samaru har makaranta tana cikin jaka. Na sa wa sim ɗina lambar sirri, domin mai fizgar waya layin yake fara nema, ta nan ake shiga asusun banki. Na kuma kunna lambar tabbatarwa mai alƙaluma shida ta WhatsApp. Waɗannan biyun kyauta ne, ko wace irin waya ke hannunka ka yi su yau.

Malamina ya ƙara mini mako biyu, bayan ya yi mini faɗan da na cancanta. Na koma kasuwar Sabon Gari na bi mutum takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Biyar sun sake ba ni lokaci, biyu sun ce sun gaji da tambaya, ɗaya ya tashi daga rumfar. Wani dattijo mai sayar da hatsi da ya ga wayar a hannuna ya ce, "'Yata, waccan mai tsagaggen gilashi fa?" Na ce na sayar, Baba. Ya gyara zama ya ce to in kunna, amma wannan karon in rubuta a takarda ma.