Ƙafar da Ba Ta Jin Ƙaya

A cikin shekarun da na yi ina duba marasa lafiya a Gwantu da ƙauyukan ƙasar Sanga, tun daga Fadan Karshi har bakin iyakar Jihar Nasarawa, babu kukan da ya fi yawan zuwa kunnena daga bakin dattawa, maza da mata, Kirista da Musulmi, kamar kukan tafin ƙafa. Wani ya ce da dare kamar an barbaɗa masa barkono, wata ta ce tururuwa ce ke yawo a ƙarƙashin fatarta, wani kuma ya ce ƙafar ta mutu, in yana tafiya sai ya ji kamar auduga yake takawa. Galibinsu kafin su iso gare ni sun riga sun yanke hukunci cewa sammu suka taka a bakin gona, sun sha saiwa, sun yi tsaga, sun sayar da akuya.

Wani manomi da ya haura shekara sittin ya zo mini wata damina da gyambo a dunduniya, da na wanke wurin sai na zaro ƙaya wadda, bisa ga yadda naman ya ruɓe, ta yi kwana bakwai ko fiye a ciki. Na ce masa, "Baba, ba ka ji lokacin da ta shiga ba?" Ya ce, "Likita, da na ji ai da na cire. Matata ce ta ji wari." Da muka auna sukarin jininsa da safe kafin ya karya kumallo, sai muka tarar ya ninka 126, adadin da daga shi ake cewa mutum yana da ciwon sukari, alhali shi bai taɓa jin an ambaci wannan ciwo game da shi ba. Wannan ba sabon al'amari ba ne ga ma'abota ilmin ɗibbu, domin Ibn Sina, a littafinsa Alƙanun wanda ya kammala a 1025, ya riga ya siffanta zaƙin fitsarin masu wannan cuta da ruɓewar gaɓoɓinsu. Abin da ya ɓoyu ga magabata shi ne dalilin da ya sa jijiya take mutuwa, kuma ta fara mutuwa daga yatsun ƙafa.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya, saboda aikin da take yi dare da rana, kayan aikinta suna tsufa suna lalacewa. Daga cikin hikimar Mahalicci, an sanya wa kowace ƙwaya maƙerarta: yadda manomi yake kai tsohuwar fartanya ga maƙeri a narka ta a fitar da lauje, haka ƙwayar take tattara abin da ya lalace a cikinta, ta ƙunshe shi, ta kai shi wata 'yar jaka mai ruwan narkarwa, ta sake gina sabo da abin da ya fito. Christian de Duve, mutumin Beljiyam, shi ya gano wannan jaka a 1955, ya kira ta laisosom, kana a 1963 ya raɗa wa aikin suna da kalmar Yunananci mai ma'anar cin kai. Daga baya Yoshinori Ohsumi na Japan ya yi ta bahasi a kan yis, irin wanda ake kumbura burodi da shi, har ya fito da ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da aikin, aka ba shi lambar Nobel a 2016.

To, fata da hanji da jini suna sauya ƙwayoyinsu a kai a kai, wadda ta cika da shara ta mutu wata ta maye gurbinta. Amma ƙwayar jijiya da ta ƙwaƙwalwa, galibi wadda aka haifi mutum da ita da ita zai shiga kabari, saboda haka ba ta da mafita sai ta riƙa share ɗakinta har ƙarshen rai. Kuma ƙwayar da ke kai saƙo zuwa babban yatsan ƙafa, tushenta yana can wajen ƙashin baya, zarenta ya kai kimanin mita guda, ta yadda abin da ya lalace a yatsa sai an ɗauko shi an yi wannan doguwar tafiya da shi kafin a gama narka shi. Wanda gonarsa ta fi nisa da gari, ai shi ne farkon wanda lalacewar hanya take cutarwa. A 2006 wasu ƙungiyoyin masana biyu a Japan suka toshe wannan aikin shara a jijiyoyin ɓeraye kaɗai, ba su sa musu wata cuta ba, sai ga ɓerayen suna tangaɗi, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu cike da dunƙulallen datti suna mutuwa.

Sukarin da ya yi yawa a jini yana yin ɓarna ta fuska uku a lokaci guda: yana manne wa kayan aikin ƙwaya ya gurɓata su, yana tsuke ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiya, kuma yawan abinci a jini yana sanar da ƙwayar cewa ana cikin wadata, sai ta sassauta narkar da tsoffin kaya daidai lokacin da shara ta fi yawa. Kimanin rabin masu ciwon sukari, in ya daɗe, jijiyoyinsu sukan taɓu. Burkutu da ogogoro, ga mai yawan shansu, suna ƙara wa Borno dawaki, haka ma ƙarancin sinadarin B12, wanda shi kansa maganin sukari na metformin yakan jawo bayan shekaru, don haka nakan so a auna shi ga wanda ya daɗe yana sha.

Mas'alar ba ta tsaya a ƙafa ba. Ciwon karkarwa da ake kira Parkinson, da gigin tsufa irin na Alzheimer, duka biyun alamarsu a cikin ƙwaƙwalwa ita ce tarin abin da ya kamata a share ba a share ba, kuma mai ciwon sukari ya fi waninsa kusa da gigin tsufa. A 2023 Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta na gida da waje suka bayyana cewa sun gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1, wanda ya yawaita a tsakanin 'yan Nijeriya masu ciwon karkarwa, kuma aikin wannan ƙwayar gado shi ne samar da ɗaya daga ruwayen narkarwa na waccan jaka ta de Duve. Na ji daɗin wannan labari ƙwarai, domin an daɗe ana koyar da mu wannan ciwo da jinin Turawa kaɗai.

Akwai wata magana da nake son in yi wa gyara. Kowace shekara, in watan Ramalana ya gabato ko azumin Kirista na kwana arba'in, sai saƙonni su cika wayoyi cewa Bajapane ya tabbatar azumi yana warkar da kowace cuta. Haƙiƙa yunwa tana zaburar da wannan aikin narkarwa, wannan tabbatacce ne a yis da ɓeraye; amma daga nan zuwa cewa azumi zai tayar da jijiyar da ta mutu akwai tazara mai nisa, kuma ibada ba ta bukatar a jingina ta da hujja mai rauni. Na karɓi wata tsohuwa a sume, wadda ta sha maganin sukari na glibenclamide da asuba ta ɗauki azumi, sukarinta ya faɗi kafin azahar. Ƙwaƙwalwa, wadda ke cin kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin jiki, ba ta ajiyar guzuri. Mai ciwon sukari ya zo a daidaita masa magani kafin azumi, in kuma awo ya sauka ƙasa da 70 ya karya nan take, ga shi shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Abin da nake roƙon duk wanda ya haura arba'in shi ne ya auna sukari da hawan jini ko da sau ɗaya a shekara, ya rage lemon kwalba da farin burodi, ya ƙara wake da ganye. Wanda ciwon sukari ya riga ya kama, ya duba tafin ƙafarsa kowane dare da tocila, ko ya sa jikansa ya duba masa, ya zazzage takalmi kafin ya sa, kada ya shiga gona ba takalmi, kada kuma ya gasa ƙafa a bakin murhu lokacin hunturu. Wanda hannunsa ke rawa yana zaune, tafiyarsa ta koma gajerun taku, mukan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ga likitocin jijiya.

Manomin nan gyambonsa ya warke bayan wata uku, zugin da yake ji da dare ya ragu da sukarin ya sauka, amma jin taɓi bai dawo ba. Ran da ya zo na ƙarshe na taɓa yatsunsa goma da siririn zaren gwaji yana rufe da ido, ya ji uku. Ya zo sanye da takalmin roba mai rufi, wanda ya ce ɗansa ya sayo masa a kasuwar Kafanchan.