Girka Manhajar Awon Mota a Kwamfuta da Warware Matsalolinta: Nazari a Kan Keɓaɓɓun Kalmomin Hausa

Tsakure

Motocin zamani suna ɗauke da ƙananan kwamfutoci da ke lura da aikin inji, su kuma adana bayanin duk wata tangarɗa da suka gani. Makaniki yana karanta wannan bayani ne ta wata manhaja da ake girkawa a kwamfutar tafi-da-gidanka, sannan ya fassara wa mai mota abin da ya gani da Hausa. Wannan maƙala ta bi matakan girka manhajar da hanyoyin warware matsalolinta, ta kuma auna kalmomin da ake amfani da su a kowane mataki. An lura cewa aro kai-tsaye, wanda ya wadatar wajen raɗa wa sassan mota suna, yana haifar da ruɗani a nan, domin abubuwan da ake magana a kansu ba a ganin su da ido. Maƙalar ta kawo shawarar kalmomi huɗu: tafinta da jagora da ƙofa da lambar alama.

1.0 Gabatarwa

Tun da mota ta shigo ƙasar Hausa, harshen bai taɓa rasa sunan da zai kira sassanta ba. Birki da sitiyari da fulogi da lagireto da salansa duk baƙi ne da suka zauna daram, bayan an raba cunkoson baƙaƙensu da wasali, an sauya sautin da Hausa ba ta da shi, an kuma rufe ƙarshen da yawansu da wasali. Wannan aro bai kawo cikas ba saboda abin da aka ara wa suna yana hannu. Idan mai mota bai san fulogi ba, makaniki zai kwance shi ya nuna masa.

Lamarin ya sauya da zuwan motocin da ake kira beljiyam, waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka ta Legas da Kwatano. A garejin da ke kewayen Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, akan ji ana cewa a sa wa mota kwamfuta, ko a yi mata sikanin, kalmar da asibiti ya riga gareji ara. Bayan an gama, hukuncin da mai mota yakan ji shi ne: kwamfuta ta ce sensa ta mutu. A kan wannan jimla zai fitar da kuɗi, alhali sau da yawa manhajar ba haka ta faɗa ba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna inda ma'ana take zubewa tsakanin fuskar kwamfuta da kunnen mai mota.

2.0 Tsarin Awon Mota a Taƙaice

Tsarin da ake kira OBD-II ya zama wajibi ga ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka tun daga ƙirar 1996. Tarayyar Turai ta bi sahu da nata tsarin, EOBD, ga masu shan fetur a 2001, sannan ga masu shan dizal a 2004. Tsarin ya tanadi soket guda mai haƙora 16, wanda yawanci yake ƙarƙashin sitiyari. Haƙori na 16 yana kawo wuta daga batir, na 4 da na 5 kuma su ne na ƙasa.

Soket ɗaya ne, amma yaren da motoci suke magana da shi ya kasu biyar. Tsofaffin motocin Ford da General Motors suna da nasu biyu, a ƙarƙashin ƙa'idar SAE J1850. Da yawa daga motocin Turai da Japan na wancan lokaci suna bin ISO 9141-2 ko ISO 14230 ta haƙori na 7. Na biyar shi ne CAN, mai bi ta haƙora na 6 da na 14, wanda ya zama wajibi a Amurka daga ƙirar 2008.

Kwamfutar makaniki ba ta jin ko ɗaya daga cikin yarukan nan. Saboda haka ake sanya wata 'yar na'ura a tsakani. Wadda ta fi shahara ita ce mai ɗauke da guntun lantarki na ELM327, ƙirar kamfanin Elm Electronics na Kanada. A gareji akan kira ta kebur ko waya, sunan da yake nuna siffarta ya ɓoye aikinta. Aikinta kuwa karɓar tambaya daga kwamfuta, da juya ta zuwa yaren mota, da dawo da amsa. Hausa tana da tsohuwar kalma ga mai wannan aiki, wato tafinta, kuma da ita za a ci gaba a nan. Kwamfutar da ke cikin mota kuwa za a kira ta ƙwaƙwalwa, kamar yadda makanikai suka riga suka yi, domin kada kalmar kwamfuta ta ɗauki kaya biyu.

3.0 Matakan Girka Manhaja

Manhajojin awo iri biyu ne. Akwai na gama-gari, masu aiki da ELM327, waɗanda galibi bayanin inji da hayaƙi kawai suke karantawa. Akwai kuma na keɓe: Techstream ga Toyota da Lexus, HDS ga Honda, VCDS ga Volkswagen da Audi, FORScan ga Ford da Mazda. Waɗannan suna shiga har ƙwaƙwalwar birki da giya da jakar iska, kuma da yawansu suna buƙatar irin nasu tafintan.

Matakan girkawa a Windows sun taƙaita a kan shida:

1. A tabbatar ko Windows ɗin mai bit 32 ce ko mai 64, domin wasu tsofaffin manhajoji an rubuta su ne don ta farko.
2. A girka ƙaramar manhajar da ke gabatar da tafinta ga Windows tun kafin a soka shi.
3. A soka tafinta a USB, a buɗe shafin Device Manager, a duba lambar COM da aka ba shi.
4. A girka babbar manhajar, a sanar da ita wannan lamba da saurin magana, wanda a yawancin ELM327 na USB 38400 ne.
5. A haɗa tafinta da soket ɗin mota, a murɗa makulli har fitilun allo su kama, ba tare da tayar da inji ba.
6. A danna gwajin haɗi.

3.1 Direba ko Jagora

Mataki na biyu shi ne inda aro ya fi yin tuntuɓe. Sunan Ingilishi na wannan ƙaramar manhaja daidai yake da na matuƙin mota, don haka idan aka are shi sai ya fito a matsayin direba. A ofis wannan ba zai dami kowa ba. A gareji kuwa, inda direba na gaske yake tsaye a gefe, jimlar "direba ne matsalar" tana iya tayar da husuma.

Aikin manhajar shi ne nuna wa Windows hanyar zuwa ga na'urar da ba ta sani ba. Kowane tafintan USB yana da guntun da ke juya siginar USB, kamar FT232 na FTDI, ko CH340, ko PL2303 na Prolific, kuma kowanne da tasa manhajar. Idan babu ita, Windows za ta nuna alamar motsin rai a cikin rawayen dalar-gini, ma'ana ta ji an soka wani abu amma ba ta gane shi ba. Wanda yake riƙe sandar marar gani ya kai shi inda zai je, jagora Hausa take kiransa. Kalmar ta dace da aikin, kuma ba ta karo da kowa a gareji.

3.2 Soket da Ƙofa

Mataki na uku ya kawo wani abu marar jiki. Lambar COM suna ce da Windows take bai wa hanyar da bayani zai bi, kuma tana iya sauyawa idan aka cire tafinta daga wannan ramin USB aka mayar wani. Wasu tsofaffin manhajoji, kamar VCDS-Lite, ba sa duba sama da COM4. Idan Windows ta ba da COM9, manhajar za ta ce ba ta ga komai ba, sai an shiga Device Manager an rage lambar da hannu. Ya kamata a bar soket ga ramin da ake gani, a keɓe ƙofa ga wannan hanya. Da haka za a iya cewa "manhaja tana ƙwanƙwasa ƙofa ta uku, tafinta kuwa yana ta tara", kowane yaron gareji ya gane abin da zai gyara.

4.0 Warware Matsalolin Haɗi

Jimlar da aka fi ji idan haɗi ya ƙi ita ce "kwamfuta ba ta karanta ba". Wannan jimla ta dunƙule matsaloli uku da ba su da magani ɗaya. Hausa tana da aikatau uku da za su rarrabe su: gani da ji da amsawa.

Na farko, kwamfuta ba ta ga tafinta ba. Dalilin yakan zama rashin jagora, ko kuskuren ƙofa, ko saɓanin saurin magana. Ana gwada wannan da manhajar aika saƙon rubutu zuwa ƙofa: idan aka rubuta ATZ, tafinta mai lafiya zai amsa da sunansa da lambar ƙirarsa. Idan haruffa marasa ma'ana suka fito, saurin ne bai daidaita ba, sai a gwada 9600.

Na biyu, tafinta bai ji mota ba. A nan idan aka aika 0100, maimakon amsar da ta fara da 41 00 sai a ga saƙon UNABLE TO CONNECT. Sai a ɗauki mita a auna tsakanin haƙori na 16 da na 4, inda ya kamata a sami kusan bolt 12. Idan babu wuta, fis ne ya ƙone, kuma a motoci da dama fis ɗaya soket ɗin yake tarayya da abin kunna sigari, wanda a yau ya zama wurin cajin waya. A yawancin motoci masu CAN, idan aka cire kan batir aka auna tsakanin haƙora na 6 da na 14, akan sami om 60. Samun 120 yana nuna waya ta tsinke ko ɗaya daga cikin mafi biyu na layin ya ɓace. Akwai kuma matsalar jabu. Kasuwa cike take da tafintoci masu rubutun v1.5, lambar da Elm Electronics bai taɓa fitarwa ba, kuma wasu jabun ba su iya dukkan yarukan biyar ba.

Na uku, ƙwaƙwalwa ba ta amsa ba. Haɗi ya yi, amma abin da aka tambaya ya dawo da NO DATA. Wani lokaci motar ba ta da wannan bayani, wani lokaci kuma an nemi manhajar gama-gari ta yi aikin ta keɓe.

Wani abin lura shi ne kwafin manhajojin da aka fasa makullinsu, waɗanda umarninsu yakan ce a kashe riga-kafin kwamfuta kafin girkawa. Mai bin wannan umarni ya buɗe kwamfutarsa ga cuta, kuma manhaja marar tabbas da ta katse a tsakiyar rubutu cikin ƙwaƙwalwa tana iya lalata ta.

5.0 Lamba: Alama ce ko Cuta?

Idan haɗi ya yi, manhaja takan fito da lambobi masu gurbi biyar. Harafin farko yana nuna sashe: P inji da giya, B jikin mota, C birki da ƙafafu, U sadarwa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙwaƙwalwa. A lambobin P, idan gurbi na biyu 0 ne to ma'anar ɗaya ce a kowace mota, idan 1 ne kuwa ta kamfanin ce.

A ɗauki P0171. Abin da take faɗa shi ne iska ta yi wa fetur yawa a jerin silinda na farko. Sensar da ke shinshina hayaƙi ce ta kawo rahoton, amma musabbabin yana iya zama tiyo da ya tsage, ko datti a sensar auna iska, ko famfon mai da ya gaji, ko nozul da suka toshe. Makanikin da ya ce sensa ta mutu ya hukunta ɗan aike ne a kan saƙon da ya kawo. Haka P0420, wadda take cewa matatar hayaƙi ba ta aiki yadda ya kamata. Wannan matata ita makanikan Nijeriya suka raɗa wa suna indomi saboda kamannin cikinta da dunƙulen taliyar, kuma sunan shaida ne cewa gareji ya iya ƙirƙira idan ido ya gani. Lambar ba ta bayyana ko matatar ta tsufa ne, ko an cire ta, ko salansa ce take yoyo.

Saboda haka lambar matsala ko lambar cuta fassara ce mai yaudara. Likitancin Hausa ya daɗe da bambanta alama da cuta: ciwon kai alama ce, zazzaɓin cizon sauro cuta. Tunda gareji ya riga ya ari awo da ƙwaƙwalwa daga asibiti, lambar alama za ta shiga wannan gida cikin sauƙi, ta kuma tunatar da mai ji cewa bincike bai ƙare ba.

Haka nan ya wajaba a raba sharewa da gyarawa. Umarnin share lambobi yana kashe fitilar inji, yana kuma goge bayanin halin da injin yake ciki a lokacin da tangarɗar ta faru, wanda shi ne babban abin dogaro wajen bincike. Idan ba a taɓa musabbabin ba, fitilar za ta dawo bayan an yi wasu tafiye-tafiye. Jimlar "an kashe wutar" gaskiya ce, amma mai mota yakan ji ta da ma'anar an gyara.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa aro yana aiki idan akwai abin nunawa, yana kuma raunana idan aiki ne ake son bayyanawa. Tafinta da jagora da ƙofa da lambar alama duk kalmomi ne da Bahaushe ya riga ya sani, an faɗaɗa ma'anarsu kawai. Littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya yi irin wannan hidima ga fannonin harshe da adabi da koyarwa. Fannin sana'o'in lantarki yana jiran tasa. Abin da ya rage shi ne a kai waɗannan kalmomi gareji a gwada su a bakin makanikai da masu rewaya da yaransu, domin kalmar da ba su karɓa ba a takarda za ta tsaya.