Darasi: Hidimar tsofaffi a cikin ɗakunansu

 Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na yau a kan dattawan da ƙarfinsu ya ragu ne, da yadda jama'ar unguwa za ta riƙe su har su cika kwanakinsu cikin ɗakunansu, kusa da masallacinsu, da mutuncinsu.

A da, gida guda yakan haɗa kaka da ƴaƴa da jikoki, tsoho ba ya rasa mai miƙo masa buta. Yanzu samari da yawa sun tafi bida. Na ƙasar Tawa suna Abijan ko Libiya, na Maraɗi da Damagaram suna Kano ko Legas ko Aljeriya, ma'aikata kuma aiki ya kai su Yamai. Suna aiko kuɗi, Allah ya saka musu, amma kuɗin da ke cikin waya ba ya cika randa, ba ya kama hannun tsohuwa zuwa makewayi da dare. Wani ɗan sai ya ce bari ya ɗauko mahaifinsa zuwa birni. Dattijon ya ƙi, domin a garinsu yake da sahunsa a masallaci, da abokan hirarsa, da kabarin iyayensa. Ƙin nan nasa haƙƙinsa ne, kuma a nan aikin maƙwabta yake farawa.

Asalin wannan hidima sananne ne. Aya ta 23 da ta 24 a Suratul Isra'i sun haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Allah a bauta, sun kuma keɓe lokacin tsufansu da ambato. Uwaisul Ƙarni, wanda mutanen tafarki suke girmamawa, bai sadu da Manzon Allah (SAW) ba alhali yana zamaninsa, ya zauna a Yaman yana yi wa mahaifiyarsa hidima, kuma Annabi ya umurci Sayyadina Umaru da ya nemi istigfarinsa in ya gamu da shi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa akwai wata tsohuwa makauniya a gefen Madina wadda Umaru yake zuwa yi wa aiki da dare, sai ya riƙa tarar da wani ya riga shi. Da ya laɓe, sai ya ga Halifa Abubakar ne. Ku lura da abu uku a wannan ƙissa: hidimar ta same ta a ɗakinta, an yi ta a ɓoye, kuma ba a yi ta sau ɗaya aka daina ba.

Dawwamar ita ce mai wuya, kuma ita ce take buƙatar tsari. Abin da ya faru a Faransa ya isa misali. A watan Agusta na 2003 an yi wani matsanancin zafi a ƙasar, mutum wajen 15,000 suka mutu, mafi yawansu tsofaffi. Wasu sun rasu su kaɗai cikin ɗakunansu, sai bayan kwanaki aka sani. Ƙasar ba ta rasa likitoci ba, kuma tun 2002 tana biyan wani tallafi da ake kira APA ga ƴan shekara 60 zuwa sama da ba sa iya yi wa kansu komai, don a biya mai zuwa gida ya yi musu wanka da girki da shara. Abin da aka rasa shi ne sanin wane ne yake zaune shi kaɗai, da wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Shi ya sa dokar da aka yi a 2004 ta ɗora wa ma'aikatar magajin kowane gari buɗe rajista ta tsofaffi da naƙasassu da suka yarda a rubuta su, domin a kira su ko a je wurinsu idan zafi ya tsananta.

Mu nan, zafin da ya wuce digiri 40 yana zuwa mana kowace bazara, a Afrilu da Mayu. Ba mu da baitulmalin Faransa, amma muna da abin da suka nema da doka: taron da yake haɗa mu kullum. Wanda ya saba zama a wazifa, in ya kwana biyu ba a gan shi ba, gurbinsa yakan nuna. Abin da ya rage shi ne kada a tsaya ga cewa "Allah ya sa lafiya". Ga matakai biyar da kowace zawiya za ta iya ɗauka.

Na farko, muƙaddami ya sa a rubuta sunayen tsofaffin unguwa da ba su da mai kula da su a gida, da izininsu, tare da lambar ɗa ko ɗan'uwa da za a kira. A haɗa da wanda ba ɗan ɗariƙa ba, domin haƙƙin maƙwabtaka bai ware kowa ba.

Na biyu, a raba kwanaki. Kowane dattijo ya san wanda zai leƙo shi bayan asuba da wanda zai zo bayan la'asar. Mata su je wa mata, maza su je wa maza. Aikin da aka bar wa kowa da kowa, ba mai yin sa.

Na uku, ruwa da abinci. Jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar na yaro, saboda haka a miƙa masa ruwa tun bai nema ba. Wanda haƙora suka zube, a kai masa kunu ko hura ko tuwo mai laushi. Idan azumi ya fi ƙarfinsa, a tunasar da shi cewa shari'a ta sauƙaƙa masa, kuma a mazhabar Malikiyya ciyarwa a madadinsa mustahabbi ce.

Na huɗu, magani. Mai hawan jini ko ciwon suga ba ya daina magani don ya ji sauƙi. A sami wanda zai lura da ranar da ƙwayoyin za su ƙare, ya raka shi likita. Dattijon da ganinsa ya dushe a kai shi a duba, domin yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki, gani ya dawo da yardar Allah.

Na biyar, gyaran ɗaki. Kafin damina samari su duba rufi da indararo, su yi yaɓe, su daidaita dokin ƙofa, su sa fitila a hanyar makewayi. Faɗuwa ɗaya tana iya karya ƙugun tsoho ta kwantar da shi har ƙarshen ransa.

Sai ladabi, wanda in babu shi hidimar ta lalace. A yi sallama, a jira izini ko da ɗakin ba shi da ƙyaure. Kada a ɗauki hoton dattijo yana karɓar abinci a watsa a waya. Abin da aka gani na rauninsa ya tsaya a can. A bar shi ya yi abin da yake iya yi da kansa, a nemi shawararsa, a zauna a saurari labarinsa ko da an sha jin sa. Wanda ba ya iya zuwa zawiya, mutum biyu ko uku su je su yi zikiri tare da shi, su koya masa hukuncin salla a zaune da taimama idan yana buƙata.

Ku kuma da kuke nesa, hidimar maƙwabta ba ta sauke muku nauyi ba. Ku kira, ku aiko, ku zo, domin zumunta a ƙafa take. Kowane ɗan'uwa da ya karanta wannan ya ƙirga tsofaffin layinsu, ya kai sunayensu wurin muƙaddami a zaman Juma'a mai zuwa.

Allah ya jiƙan iyayenmu da shehunanmu, ya ba mu ikon yi wa dattawanmu hidima, ya sa mu ma mu sami mai kula da mu ranar da ƙarfi ya ƙare. Amin.