Ido, Kwamfuta da Kaset: Yadda Za a Kyautata Hoto

Gabatarwa

Tun daga 1990, lokacin da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano, kaset ɗin bidiyo ya samu gindin zama a ƙasar Hausa. A birnin Zazzau, a unguwanni irin su Ƙofar Jatau, a kansa aka riƙa adana bukukuwan aure da hawan Sallah. Haka kuma ana iya naɗar hoton tsofaffin kwamfutocin gida, kamar Commodore 64 ta 1982. Sai dai hoton kan fito dishi-dishi, launi ya zarce iyakarsa. Me ya jawo haka?

Sirrin yana cikin ido

Idon ɗan Adam ya fi tantance ƙananan bambance-bambancen haske da duhu fiye da na launi. Ƙwayoyin ganin launi iri uku ne, kuma masu ganin shuɗi ba su wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Da wannan ilimi aka tsara VHS, wanda kamfanin JVC ya fitar a 1976: an ba haske fili mai faɗi a kan zaren kaset, aka ƙuntata wa launi. Fuskar mutum ba ta nuna wannan rowa, amma ƙananan haruffan kwamfuta nan take suke tona ta.

Matakan gyara

1. A guji wayar eriya, domin tana cakuɗa hoto da sauti. A yi amfani da wayar bidiyo kai tsaye. Idan na'urorin biyu suna da mashigar S-Video, wadda ke raba haske da launi, ita ta fi.
2. A daidaita tsari. Nijeriya ta bi tsarin PAL mai layi 625, Amurka kuwa NTSC mai layi 525. Idan suka saɓa, launi kan ɓace.
3. A naɗa da gudun SP, ba LP ba.
4. A zaɓi manyan haruffa farare a kan baƙi. Ja da shuɗi sun fi malala.
5. A kare kan na'ura daga ƙurar hunturu, kaset kuma daga laimar damina, wadda ke haifar masa da fumfuna.

Kammalawa

An daina ƙera na'urar VHS a 2016, zaren kaset kuma tsufa yake yi. Duk wanda ya naɗi wani abu mai daraja, to ya gaggauta kwafe shi a kwamfutar zamani.

Aiki ga ɗalibai: ku rubuta kalma ɗaya a baƙin allo da farin alli, sannan da shuɗi. Ku riƙa ja da baya. Wanne ya fara ɓace muku, kuma me ya sa?