Mako Ɗaya a Siri Lanka: Teku ko Tudu?

Tambaya: Ni da maigidana za mu je Siri Lanka hutun mako ɗaya a Janairu. Mu tsaya bakin teku ne, ko mu hau tudu? Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, kun dace da lokaci, don daga Disamba zuwa Maris ne teku ke lafawa a kudu, wajajen Bentota da Mirissa. Kwana biyu ya ishe ku. Inda kuka ga jar tuta, don Allah kada ku shiga ruwa.

Ni dai tudu na fi so muku. Ku sayi tikitin jirgin ƙasa da wuri, daga Kandy zuwa Ella. Tafiyar kusan awa bakwai ce, amma ta taga za ki ga mata cikin gonakin shayi, buhu a baya, igiyarsa a ka, suna tsinkar sabon toho cikin hazo. Ku yada zango a Nuwara Eliya, mai tsayin kusan mita 1,900. Ki tafi da rigar sanyi, daren can ya fi hunturun Jos cizo.

Kada abinci ya dame ki. Musulmi kusan kashi 10 ne cikin 100 na mutanen ƙasar, kuma a Kandy akwai masallatai da gidajen abincin halal.