Rauni a Bakin Aiki: Kada Shiru Ya Cinye Maka Diyya

Aikin ƙarfi ne ya gina Kafanchan. Tun da layin dogo ya mayar da ita mahaɗar jiragen ƙasa a zamanin Turawa leburori ke zubar da gumi a garin, yau kuma ga masu tsaga katako, ga masu buga bulo, ga masu walda, har zuwa Kachia da Kwoi inda ake sarrafa citta. Duk inda inji yake, wata rana sai ya ci yatsan wani. Saboda haka aka kafa Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987. Ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, ta kuma hana shi cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci don cike wannan kuɗi.

Babbar cutar da ke kashe wannan doka ita ce shiru. Wanda ya ji rauni yana da kwana 14 ya sanar da maigidansa, shi ko wani nasa, maigidan kuma yana da kwana 7 ya kai wa hukuma rahoto, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Manomin citta ya san wannan darasi. In ya tono cittarsa ya tara a ɗaka bai tsaga ba, bai shanya ba, yana cewa sai ya huta, danshi zai shige ta, ta yi fumfuna, ran da ya kai ta kasuwa babu dillalin da zai taya, alhali gonar ta yi kyau, gumin kuma ya riga ya zuba. Haka haƙƙin mai rauni yake ruɓewa in an jinkirta.

Wani zai ce ƙaddara ce, daga Allah take. Gaskiya ne, amma babu masallaci ko coci da ya koyar da cewa yarda da ƙaddara na nufin barin 'ya'yanka da yunwa, kuma addinan biyu sun haramta danne haƙƙin ɗan ƙwadago. Wani ya ce maigida ya biya kuɗin asibiti, kai maganar gaba butulci ne. To, ai diyyar daga asusu take fitowa, ba daga aljihunsa ba, kuma ba a buƙatar a nuna laifin kowa. Maigidan da ke lallashin yaronsa da 'yan kuɗi don ya yi shiru, sau da yawa rajistar da ya ƙi yi yake ɓoyewa. Wannan ba tausayi ba ne, cin amana ne, kuma ya ji kunya.

Dokar ta kuma haɗa da haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki, da cutar da sana'a ta jawo, da kurumcewa. In ma'aikaci ya rasu, matar da ya bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana iya karɓar kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Sojoji dai ba sa ciki.